An shiga tare, an fita ɗai-ɗai: nazarin rikicin hannun jarin GameStop na 2021

Ranar Alhamis 28 ga Janairu, 2021, da safe agogon New York, dubban mutane a Amurka suka buɗe Robinhood, manhajar saye da sayar da hannun jari, a wayoyinsu da niyyar ƙara sayen hannun jarin wani kamfani mai suna GameStop, sai suka tarar an toshe hanya. Mai hannun jari a hannu yana iya sayarwa, mai son saye kuwa babu dama. A safiyar nan farashin hannu ɗaya ya taɓa dala 483, abin da a farkon watan ake sayarwa dala 17 da 'yan kai. Kafin a tashi kasuwa da yamma ya dawo dala 193.60.

Labarin da ya zaga duniya a lokacin shi ne talakawa sun yi taron dangi sun kayar da attajiran Wall Street, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Amurka, su kuma attajiran suka sa aka rufe ƙofa. Akwai gaskiya a labarin, kuma ba kaɗan ba. Amma wanda ya bi sawun kuɗin, ya duba aljihun da suka fito da aljihun da suka shiga, zai ga taron ya iya shiga kasuwa tare, fita ce ta gagare shi.

Cinikin aro

Ka ɗauka ɗan kasuwar hatsi ne, saura wata biyu kaka, gero ya yi tsada. Yana da yaƙinin da zarar sabon hatsi ya shigo farashi zai karye. Sai ya je wurin mai rumbu ya ari buhu ɗari, a kan zai mayar da buhu ɗari da ɗan abin goro a kai. Ya kai kasuwa ya sayar da tsadar nan. In damina ta yi albarka, ya sayi buhu ɗari da arha ya mayar, abin da ya rage nasa ne. In kuwa ruwa ya ɗauke gero ya ninka kuɗinsa, mai rumbu ba ruwansa, buhu ɗari ya bayar, buhu ɗari yake jira.

Haka ake yi da hannun jari. Ka aro ta hannun dillali, ka sayar, ka zauna jiran kamfanin ya faɗi. Inda ya bambanta da cinikin yau da kullum shi ne wajen asara. Wanda ya saya a dala 20, iyakar abin da zai rasa dala 20 ce. Wanda ya aro ya sayar a dala 20, asararsa ba ta da iyaka, don farashi na iya kaiwa 200, yana iya kaiwa 400. Kuma ba a barinsa ya yi ta jira yadda ya ga dama. Duk sanda farashi ya hau, dillali zai nemi ya ƙaro jingina. In ya kasa, a saya a madadinsa ko nawa ne a mayar wa mai kaya. Wannan sayen dole shi ke ƙara tura farashi sama, ya shaƙe na kusa da shi, shi ma ya fito saye, ya shaƙe na gaba. Wannan shi ake kira matsi.

Manyan masu wannan sana'a kamfanoni ne da ke juya dukiyar attajirai da ta asusun fansho da jami'o'i, waɗanda doka ta sakar wa mara fiye da sauran masu zuba jari. Suna cin bashi su yi ciniki, suna neman riba a hawan farashi da saukarsa. Mai karatun da ya yi zaman makarantar zaure zai ce ai wannan sayar da abin da ba naka ba ne, kuma haka mafi yawan malaman da ke duba harkar kuɗi ta Musulunci suka ɗauke shi, shi ya sa ba su halatta shi ba. Dokar Amurka kuwa ta yarda da shi, kuma in za a faɗi gaskiya yana da ranarsa. Masu cinikin aro ne suka riga kowa jin warin ruɓar kamfanonin Enron a Amurka da Wirecard a Jamus, a lokacin da masu binciken kuɗi ke ta sa hannu a takardu.

Kamfanin da aka saya wa likkafani

GameStop shaguna ne na sayar da faya-fayan wasannin bidiyo da na'urorinsu, da hedikwata a Grapevine ta jihar Texas. Yana da shaguna kusan 5,000 a lokacin. Babbar ribarsa tana wajen sayen tsohon faifai da arha ya sake sayarwa. Da yara suka koma sauke wasanni kai tsaye daga intanet, ciniki ya fara ja baya, sannan korona ta zo ta rufe shaguna. A Afrilun 2020 hannu ɗaya ya sauka ƙasa da dala 3. Duk wanda ya ce kamfanin nan mutuwa zai yi, ba a ce ya yi wauta ba.

Cikin masu wannan ra'ayi akwai Melvin Capital, kamfanin Gabe Plotkin, wanda ya shiga 2021 da dukiyar da ta kai kusan dala biliyan 12.5 a hannunsa. Tun 2014 yake cinikin aro a kan GameStop. Matsalar ita ce ba shi kaɗai ba ne. Mutane sun yi yawa a kan gawa ɗaya, har kamfanonin da ke bin diddigin kasuwa suka ƙiyasta cewa hannayen jarin da aka aro aka sayar sun kai kusan kashi 140 cikin ɗari na waɗanda ke yawo a kasuwa. Hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, SEC, daga baya ta sa adadin a kusan kashi 123. Yaya za a ari fiye da abin da ke akwai? Koma wa buhun geron nan. Na farko ya aro ya sayar, wanda ya saya ya ba da aronsa ga na biyu, shi ma ya sayar. Buhu ɗaya ne, amma mutum biyu ake bi bashinsa. Ranar da aka ce kowa ya kawo, za a yi turmutsutsu a bakin rumbu.

Wani abu kuma ya ƙara tona asirin Melvin. Doka ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni su bayyana wasu daga cikin cinikinsu duk wata uku, kuma a takardun Melvin an ga ƙarara yana jiran faɗuwar GameStop. Takardun a fili suke, kowa na iya karantawa. Aka kuwa karanta.

Mai jan ƙyalle a goshi

Keith Gill ɗan garin Brockton ne a jihar Massachusetts, ma'aikacin kamfanin inshora na MassMutual, shekarunsa 34 a lokacin rikicin. A 2019 ya zuba kusan dala 53,000 a GameStop, ya fara ɗora hoton asusunsa a WallStreetBets, wani zauren hirar hannun jari a dandalin intanet na Reddit, aka yi masa dariya son rai. A 2020 ya buɗe tasha a YouTube da sunan Roaring Kitty. Ɗakin ƙasa ne na gidan haya, shi zaune gaban kwamfuta, jan ƙyalle ɗaure a goshi, riga mai hoton kyanwa, yana shafe sa'o'i yana bin lissafin kamfanin layi-layi ga 'yan tsirarun masu kallo. Hujjarsa ba ta yaƙi da kowa ba ce. Cewa yake kamfanin bai mutu ba tukuna, yana da kuɗi a hannu, Sony da Microsoft za su fitar da sababbin na'urori a ƙarshen shekara kuma har yanzu akwai masu cin faifai, don haka an karyar da farashin fiye da kima.

A nan akwai abin da masu ba da labarin talaka da attajiri ke tsallakewa. Gill ba ɗan koyo ba ne. Yana da lasisin dillanci da shaidar ƙwarewa ta CFA, wadda manyan Wall Street ɗin ke tinƙaho da ita. Kuma ba shi kaɗai ya hango ba. Michael Burry, wanda ya yi suna da hango rushewar kasuwar gidaje ta 2008, ya bayyana cewa ya sayi GameStop tun Agustan 2019. A Agustan 2020 Ryan Cohen, attajirin da ya kafa Chewy mai sayar da kayan dabbobin gida ta intanet, ya bayyana cewa ya mallaki kusan kashi 9 na kamfanin, daga baya ya kai kusan 13, ya rubuta wa shugabannin wasiƙa mai zafi cewa su koma ciniki ta intanet. Ranar 11 ga Janairu, 2021 aka ba shi kujera a hukumar gudanarwa tare da tsofaffin abokan aikinsa biyu. Tun kafin taron ya taru, da manya a cikin jirgin.

Shi kuwa taron, zamani ne ya haɗa shi. Mutane na zaune a gida saboda kulle. Gwamnati ta raba tallafin dala 1,200 a 2020, ta ƙara 600 a ƙarshen shekara. Robinhood, wanda Vlad Tenev da Baiju Bhatt suka kafa a 2013, ya sa saye da sayarwa sun zama kyauta a waya, har manyan dillalai suka bi sahu a 2019. Ga kuma tsohon miki. Yawancin matasan nan suna yara aka yi rikicin 2008, sun ga an ƙwace gidajen iyaye an ceci bankuna da kuɗin gwamnati. Da aka ce musu ga wani attajiri ya ari abin da ba zai iya mayarwa ba in kowa ya saya ya riƙe, ba lissafi kaɗai suka ji ba. Suna da yarensu. Mai riƙewa ko ana ha-maza-ha-mata shi ne mai hannun lu'u-lu'u, mai sayarwa da ya ga jini shi ne mai hannun takarda, su kansu kuma birai suke kiran junansu, har daga baya suka tara kuɗi suka aika wa wata gidauniyar kare gwaggon biri a Ruwanda.

Mako biyu

Ranar 13 ga Janairu farashi ya yi tsalle da kashi 57 zuwa dala 31.40. Ranar 19 ga wata Andrew Left na Citron Research, sanannen mai cinikin aro, ya fito ya ce masu saye a wannan farashi su ne wawayen da ake ci a teburin karta, kuma abin zai koma dala 20. Kamar ya zuba wa wuta fetur. Ranar Juma'a 22 aka tashi a dala 65.01, Litinin 25 a 76.79. A ranar Litinin ɗin ce aka sanar cewa Citadel na Ken Griffin da Point72 na Steve Cohen, kamfanoni irin Melvin, sun zuba wa Melvin dala biliyan 2.75 don ya tsaya da ƙafarsa. Ga taron, wannan ba labarin ceto ba ne, shaida ce cewa kibiya ta shiga. Talata aka tashi a 147.98, kuma bayan an rufe kasuwa Elon Musk ya wallafa kalma ɗaya a Twitter, "Gamestonk!!", haɗe da adireshin zauren. Laraba 27 aka tashi a dala 347.51.

Da yawa ba hannun jarin kansa suke saye ba. Akwai wata takarda mai kama da kafin alƙalami: ka biya ɗan kuɗi kaɗan wanda ba ya dawowa, a ba ka damar sayen hannu 100 a wani tsayayyen farashi kafin wata rana. In farashi ya wuce nan, ka ci riba ninkin-ba-ninkin. In bai kai ba, kuɗinka ya tafi. Da irin wannan takarda mai dala ɗari biyu ke motsa kaya na dubbai, kuma da ita Gill ya yi yawancin dukiyarsa. Ranar Laraba asusunsa ya nuna kusan dala miliyan 48.

Reshe ya juye da mujiya. Plotkin ya ce ya rufe cinikinsa na GameStop tun ranar Talata, amma Melvin ya ƙare watan Janairu da asarar kashi 53 cikin ɗari. Left ya rufe nasa da asara, ranar 29 kuma ya ce Citron ya daina fitar da rahotannin kushe kamfanoni. Nasarar ba ta zo da tsabta ba. Left ya koka cewa an koma kan iyalinsa da tsangwama, Plotkin ya ce an aika masa saƙonnin ƙin Yahudawa, Steve Cohen ya rufe shafinsa na Twitter na wani lokaci saboda barazana ga iyalinsa.

Safiyar da aka toshe ƙofa

Ciniki a waya ƙiftawar ido ne, amma a wancan lokaci kuɗi da kaya ba sa sauya hannu sai bayan kwana biyu na aiki. A tsakanin nan akwai gidan da ke tsaya wa kowane ciniki, NSCC, wanda ke lamunce wa mai sayarwa cewa za a biya shi ko da dillalin mai saye ya karye. Don haka yana riƙe jingina daga kowane dillali, kuma jinginar tana ƙaruwa gwargwadon hatsarin kayan da abokan cinikin dillalin ke saye. Abokan cinikin Robinhood kuwa sun taru a gefe guda, suna sayen abu ɗaya mai hawa da sauka kamar lilo.

Da ƙarfe 5:11 na asubahin Alhamis saƙo ya iso wa Robinhood cewa akwai giɓin kusan dala biliyan 3 a jinginarsa. Ba shi da su. Bayan kai-komo, da kuma matakin da ya ɗauka na hana saye, aka sauke abin da ake nema gaba ɗaya zuwa kusan biliyan 1.4, ya ƙara fiye da miliyan 700 a kan wanda ke ajiye. Hanin ya shafi kamfanoni 13, ciki har da AMC mai gidajen sinima, BlackBerry, Nokia da Bed Bath & Beyond. Cikin 'yan kwanaki Robinhood ya tara dala biliyan 3.4 daga masu jarinsa. Wasu dillalai irin su Interactive Brokers da Webull su ma sun taƙaita saye.

Me ya sa mutane suka ƙi yarda da wannan bayani? Saboda cinikin kyauta ba kyauta ba ne. Robinhood yana tura odar abokan cinikinsa ga manyan diloli, su aiwatar su ba shi la'ada, kuma babban mai biyan wannan la'ada shi ne Citadel Securities. Kamfani ne daban da Citadel da ya ceci Melvin, amma Ken Griffin ne ya kafa duka biyun. Mutumin da ya ga mai gidan dillalinsa ya ceci abokin faɗansa ranar Litinin, ranar Alhamis kuma dillalin ya ɗaure masa hannu, ko me aka gaya masa ba zai ji ba. Fushin ya kai har Alexandria Ocasio-Cortez da Ted Cruz, 'yan majalisar Amurka daga jam'iyyu biyu waɗanda ba sa ga-maciji, suka yi baki ɗaya a kan a bincika. An kai ƙara ana zargin haɗin baki, wata kotun tarayya a Florida ta kore ta saboda rashin isasshiyar hujja. Griffin da Tenev duka sun musanta a gaban majalisa.

A ganina bayanin jinginar gaskiya ne, kuma gaskiyar ta fi zargin muni. In haɗin baki ne, sai a kama mutum biyu a hukunta, a ce an gyara. Amma ba sai kowa ya buga wa kowa waya ba. Tsarin kansa ne ya sa ƙaramin dillali mai ɗan jari, wanda talakawa suka taru a kansa don ba ya karɓar la'ada daga gare su, shi ne zai fara durƙushewa ranar da suka fi buƙatarsa, alhali manyan kamfanoni masu manyan dillalai suna ci gaba da saye da sayarwa. Kuma Robinhood ya yi wa kansa. A ranar ya yi ta kame-kame maimakon ya fito ya ce kuɗi ne suka gaza masa. Abin ya tsallaka teku ma, don a farkon Fabrairu masu amfani da manhajar kuɗi ta Revolut a Turai sun tarar da irin wannan toshewa, saboda dillalin Amurka da manhajar ke bi ta hannunsa. Mai sayen hannun jarin Amurka daga Kano ko Legas ta manhajoji irin su Bamboo da Trove shi ma ta hannun wani dillali a can yake bi, ƙofarsa a hannun wani take.

Ba yau aka fara ba. A 1923 Clarence Saunders, mai shagunan Piggly Wiggly, ya saye kusan duk hannayen jarin kamfaninsa don ya shaƙe masu cinikin aro. Kasuwar New York ta dakatar da cinikin, ta ƙara wa masu aron wa'adi, shi ya tashi da bashi.

Wa ya ci?

Juma'a 29 farashi ya farfaɗo zuwa dala 325. Ranar 2 ga Fabrairu ya faɗo 90, ranar 4 ga wata 53.50, kafin 20 ga wata yana wajen 40. A nan ne lissafin taron ya fito fili. Rahoton SEC ya nuna cewa asusun ɗaiɗaikun mutane da ke cinikin GameStop a rana bai kai 10,000 ba a farkon Janairu, amma ranar 27 ya kusa 900,000. Wato cunkoson bai zo ba sai da farashi ya riga ya haura sama. Wanda ya shigo a dala 300 ba daga hannun Melvin ya karɓi kuɗi ba, don Melvin ya riga ya fita. Kuɗinsa ya shiga aljihun wanda ya sayar masa.

Su waye suka sayar? Wasunsu birai ne da suka riga shiga, suka zame shiru ana tsaka da kirarin hannun lu'u-lu'u. Gill kansa, wanda ake cewa in yana ciki muna ciki, hoton asusunsa na ranar 27 ya nuna fiye da dala miliyan 13 tsabar kuɗi a gefe. Ban ga laifinsa ba, bai ɓoye ba, kuma ya riƙe sauran har ya ƙara saye daga baya. Amma shi ya riga ya cire uwar kuɗinsa ninki ɗari biyu da ɗoriya, mai bin sa da kuɗin haya bai cire komai ba. Sauran masu sayarwa kuwa 'yan gidan su Melvin ne. Senvest Management, kamfani irin Melvin sak, ya sayi GameStop tun 2020, ya sayar a cikin hayaniyar, ya tashi da ribar kusan dala miliyan 700. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a makon nan an ga haka da ido. Amma yawa yana aiki ne wajen saye kawai. In kowa ya saya farashi ya hau, kowa ya ga riba a allon waya. Ribar ba ta zama kuɗi sai an sayar, kuma in kowa ya sayar farashi ya rushe. Don haka duk mai cewa a riƙe, ko da zuciya ɗaya yake faɗa, yana tsare wa mai fita hanya ne. Ƙungiyar ƙwadago tana iya yajin aiki ta samu ƙarin albashin da zai isa ga kowa. Wannan taro ba shi da abin da za a raba, sai abin da na baya ya kawo.

Bincike da abin da ya sauya

Ranar 18 ga Fabrairu kwamitin harkokin kuɗi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Maxine Waters, ya saurari Tenev, Griffin, Plotkin, Gill da shugaban Reddit Steve Huffman ta bidiyo. Waters ta yi ta katse Tenev da Griffin tana neman e ko a'a. Tenev ya nemi gafarar abokan cinikinsa. Gill ya bayyana cikin kwat, da hoton kyanwa a bango bayansa, ya ce shi ba kyanwa ba ne, ba kuma kamfanin attajirai ba ne, bai tara kowa ba, hannun jarin kawai yake so. Ba a tuhume shi da laifi ba. MassMutual ne hukumomin Massachusetts suka ci tarar dala miliyan 4 saboda rashin sa ido a kan ma'aikacinsa.

Rahoton ma'aikatan SEC na Oktoban 2021 ya zo da abin da bai yi wa kowane ɓangare daɗi ba. Ya ce masu aro sun yi sayen dole, kuma hakan ya taimaka wajen hawan farashi, amma kaso kaɗan ne na cinikin. Abin da ya riƙe farashin sama na makonni shi ne ɗokin masu saye. Canjin da kowa zai iya nunawa da yatsa shi ne na wa'adin nan na kwana biyu, wanda aka rage zuwa kwana ɗaya daga 28 ga Mayu, 2024, don jinginar da ake nema ta ragu. La'adar da manyan diloli ke biyan dillalai kuwa tana nan a Amurka.

Melvin bai farfaɗo ba, a Mayun 2022 Plotkin ya sanar da rufe shi ya mayar wa masu dukiya abin da ya rage. Bai koma talaka ba, shekara ɗaya bayan nan yana cikin waɗanda suka sayi ƙungiyar ƙwallon kwando ta Charlotte Hornets daga hannun Michael Jordan. Bed Bath & Beyond, wanda taron ya sake rungumewa a 2022, ya karye a Afrilun 2023, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu.

Wanda ya fi kowa morewa shi ne kamfanin da aka saya wa likkafani. GameStop ya ga mutane na rububin takardarsa, sai ya buga sababbi ya sayar musu: hannu miliyan 3.5 a Afrilun 2021 a kan dala miliyan 551, wasu miliyan 5 a Yuni a kan sama da biliyan 1.1. Ya biya bashinsa na dogon zango, Ryan Cohen ya zama shugaban hukumar gudanarwa, daga baya a 2023 ya karɓi ragamar kamfanin gaba ɗaya, aka ci gaba da rufe shaguna. A Yulin 2022 aka raba kowane hannu gida huɗu, don haka mai duba farashin yau sai ya raba farashin da aka ambata a sama gida huɗu kafin ya gwada.

Gill ya ɓace shekara uku. Ranar 12 ga Mayu, 2024 ya ɗora zanen wani mutum da ya gyara zama a kujera ya karkato gaba, ba tare da ko kalma ɗaya ba, washegari farashi ya yi tsalle da fiye da kashi 70. Kamfanin bai ɓata lokaci ba, ya sayar da hannu miliyan 45 a kan dala miliyan 933. Ranar 7 ga Yuni Gill ya sa lokacin fitowa kai tsaye a YouTube. Da safiyar ranar, tun kafin a buɗe kasuwa, GameStop ya sanar zai ƙara sayar da hannu miliyan 75. Gill ya fito da rana da bandeji a kai da hannu rataye a wuya don raha, dubban ɗaruruwan mutane na kallo, farashi na zubewa a allon da ke bayansa. Aka tashi kasuwa an yi ƙasa da kusan kashi 39. Kwana huɗu bayan nan kamfanin ya ce ya gama sayarwa, ya samu dala biliyan 2.137.